Waiwaye Adon Tafiya: Yadda Ƙaramin Kuloci Ya Gaji Kayan da Ya Fi Ƙarfinsa, Daga 1947 Zuwa Yau

 

Waɗanda suka je fili ranar Asabar ɗin da ta wuce sun ga abin da ya sami motar ɗaya daga cikinmu. Ya sa mata sababbin tayoyi, manya, masu ban sha'awa. Tanki na farko lafiya lau. A tanki na biyu sai inji ya fara ihu amma mota ba ta gudu, kamar mai jan ƙafa. Mai ita ya ɗauka mai ne ya yi wa inji yawa, ya ɗauko sukudireba ya hau matse allura. Ta ɗan farfaɗo, ya ƙara matsewa. Kafin la'asar inji ya mutu, kuma bai sake tashi ba. Injin da aka yi wata biyu ana jiran isowarsa daga waje, aka biya da dala, ya zama kayan 'yan gwangwan.

Da muka kwance motar, sai ga ƙoƙon kuloci ya rine ya koma shuɗi, takalman cikinsa sun yi sulɓi kamar tangaran, boris ɗaya kuma ya watse. Ashe tun farko inji ba shi da laifi. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba don mu yi wa ɗan'uwanmu dariya muka kawo wannan ba, domin da yawanmu mun taɓa yin irin wannan asara. Mun kawo ne don mu waiwaya mu ga inda matsalar ta samo asali. Wanda ya san yadda aka yi motar naitiro ta zama abin da take a yau, ba sai an faɗa masa inda zai fara dubawa ba idan ta yi zafi.

INJIN SAMA NE AKA SAUKO DA SHI ƘASA

Injin da ke cikin motocinmu ba don mota aka fara ƙera shi ba. Asalinsa na ƙananan jiragen sama ne na wasa. A shekarun 1930 da 1940 waɗannan injina da fetur suke aiki, da fulogi mai tartsatsi, da kwayil da batir, kaya dai masu nauyi da yawan lalacewa. A shekarar 1947 wani Ba'amurke mai suna Ray Arden ya fito da fulogin da muke amfani da shi har yau, wanda a cikinsa akwai siririyar waya mai sinadarin filatinam. Ka ba ta wutar batir ta yi ja, inji ya tashi, ka cire batir. Daga nan haɗuwar wayar da tururin metanol, tare da zafin konewar mai, su ke riƙe ta da ja. Kwayil ya tafi, nauyi ya ragu.

Man ma ya sauya. Ya zama haɗin abu uku: metanol, da sinadarin naitiro da ke ƙara ƙarfi, wanda a motoci yakan kama daga kashi 10 zuwa 30 cikin 100, sai kuma man da ke shafe ƙarafan ciki, na zurma ko na haɗi. Injin ba shi da ma'ajiyar baƙin mai, kamar dai ƙaramin janaretan nan da muke haɗa wa fetur da mai a galan ɗaya. Ku riƙe wannan da kyau, don za mu dawo kansa: duk sanda ka rage wa injin naitiro mai, ka rage masa abin shafawa, ka kuma rage masa abin da ke sanyaya shi daga ciki.

A jirgin sama zafi bai cika zama damuwa ba, saboda farfela tana gaban inji tana hura masa iska ba dare ba rana. Da aka ɗauko injin aka ɗora a kan tayoyi, aka kuma rufe shi da gangar jikin mota, sai farfela ta tafi da iskarta. Masu tseren farko sun riƙa ɗaura wa kan injinan jirgi irin su Veco .19 ƙarin ƙarfe mai fuka-fukai don ya kwashe zafi. Wannan ne kakan katon kan nan mai launi da ke leƙowa ta saman motocinmu. Wato tun ranar farko injin mota ya shigo duniya da bashin iska a wuyansa.

RANAR DA AKA BUƘACI TSAYAWA

Kafin zuwan rimot, akwai masu tseren ƙananan motoci a Amurka tun ƙarshen shekarun 1930. Sukan ɗaure mota da waya a jikin turke a tsakiyar da'ira, a tura ta ta tashi, ta yi ta zagaye har mai ya ƙare. Irin wannan mota ba ta buƙatar kuloci, tunda ba tsayawa za ta yi ba. Inji da taya a haɗe suke kai tsaye.

Rimot ne ya sauya lissafi. A 1966 kamfanin El-Gi na garin Reggio Emilia a Italiya ya fitar da ƙaramar Ferrari 250LM mai rimot. A 1967 aka kafa ƙungiyar ROAR mai tsara tsere a Amurka, a 1971 kuma kamfanin Associated ya fitar da RC1. Yanzu direba yana so ya rage gudu a kwana, ya tsaya cak, ya sake tashi, ba tare da inji ya mutu ba. Ga shi kuwa babu ƙafar da za ta taka kuloci.

Maganin da aka ɗauko shi ne kuloci mai kama kansa da kansa. Ba baƙo ba ne a wurinmu. Dabarar da ke cikin injin yankan itace mai sarƙa ke nan, kuma danginta ne ke cikin babur ɗin Honda Super Cub na 1958 da jikokinsa da muke kira roba-roba, waɗanda ake sa wa giya ba tare da matsa kuloci da hannu ba. Yadda yake aiki: a jikin faifan da ke juyawa da inji akwai takalma biyu ko uku, sifirin na riƙe da su. Idan inji na silo, suna nan a tsuke, ƙoƙon da ya rufe su ba ya motsi. Ka ba da totur, juyi ya ƙaru, sai takalman su buɗe su dafe cikin ƙoƙon, haƙoran ƙoƙon su ja babbar giya, mota ta tafi.

Sirrin yana tsakanin lokacin da takalmi ya fara taɓa ƙoƙo da lokacin da ya kama shi gam. A wannan ɗan tsakani gogayya ake yi, gogayya kuwa zafi take haifarwa. Idan mota mara nauyi ce a kan kwalta mai santsi, kamar na farkon nan da ba su kai kilo 3 ba, tsakanin bai wuce ƙiftawar ido ba. Kuloci ya kama, ya huta, ya huce. Don irin wannan aiki aka tsara shi.

DAGA KWALTA ZUWA TURƁAYA

Sai sha'awar mutane ta bar kwalta. A 1975 Bob Chandler, wani mutumin yankin St. Louis a jihar Missouri, ya fara ɗaga motarsa ƙirar Ford F-250 yana ƙara mata manyan tayoyi, har ta zama Bigfoot, wadda a 1981 aka ɗauki hotonta tana tattake wasu motoci. Masu ƙera ƙananan motoci suka bi sahu. Tamiya ta Japan ta fitar da Blackfoot a 1986, da Clod Buster a 1987, amma duka na batir ne.

A ɓangaren naitiro, kamfanin Traxxas na jihar Texas ya fitar da Nitro Hawk a 1992, a haɗe, ka buɗe kwali ka zuba mai. Sannan a 1999 ya fitar da motar da ta juya wannan sana'a gaba ɗaya, wato T-Maxx: taya huɗu duk suna ja, shokazoba takwas, giya biyu, tana yin baya, ga maɓallin tayar da inji da lantarki. Injin da aka ɗora wa duk wannan kaya kuwa ɗan .15 ne, wato kimanin sisi 2.5, yana jan mota mai nauyin kilo 4 ko sama da haka, a cikin yashi da ciyawa da tudu.

Ku dubi abin da ya faru da kuloci a nan. Girmansa kusan yana nan yadda yake, bai fi murfin kwalba da yawa ba. Amma ɗan tsakanin nan na gogayya ya tsawaita, domin katuwar taya a cikin rairayi ba ta saurin amsa kira. Kuma mai irin wannan mota ba zagayen fili yake yi da gudu ɗaya ba. Tashi, tsaya, ɗaga gaba, ja da baya, sake tashi. Kowane tashi sai kuloci ya biya kuɗinsa da zafi.

A wannan zamani ne kuma kuloci na biyu ya zama ruwan dare, wanda ke jikin babbar giya. Aikinsa ya ɗan zame idan mota ta diro daga tsalle da totur a buɗe, don kada duka ya kai ga haƙoran akwatin giya. A T-Maxx ta farko ƙananan turaku ne aka jera a jikin babbar giyar ta roba, faifan ƙarfe biyu suna matse su. Idan notinsa ya yi sako-sako, sai ya yi ta zamewa har zafi ya narkar da tsakiyar giyar. Duk wanda ya riƙe irin wannan mota ya san warin.

Akwai wani sauyin da ba na ƙarfe ba. A da, mota a warwatse take zuwa, kai za ka haɗa ta da hannunka. Wanda ya sha wahalar sa sifirin ɗin kuloci, ya tsalle masa ya ɓace a ƙarƙashin kujera, ba zai manta akwai shi ba. Da motoci suka fara zuwa a haɗe, dubban mutane suka shigo, abin farin ciki, amma yawancinsu ba su taɓa ganin cikin ƙoƙon ba. Abin da idonsu ke gani kawai allura ce, tana tsaye a sama, ga ramin sukudireba a kanta. Shi ya sa kowace cuta ita ake murɗawa.

TSEREN GIRMAN INJI

Da nauyi ya yi wa ɗan inji yawa, sai aka shiga ƙara girman inji. A 2002 Traxxas ya kawo TRX 2.5, a shekarar kuma HPI ya fito da Savage mai injin .21, wato sisi 3.5. Associated ya kawo Monster GT a 2003, Losi ya kawo LST a 2004, Traxxas ya amsa da Revo a wannan shekarar, sannan injin TRX 3.3 a 2006. Savage ta ci gaba da girma har ta kai sisi 4.6 da sama. Injina ne da ke juyi sama da sau 30,000 a minti ɗaya.

Ƙarfi ya ƙaru, sai lalacewa ta fara yawo daga wannan gaɓa zuwa waccan. Takalman roba suna narkewa, aka koma na alminiyam. Na alminiyam suna kamawa da ƙarfi, amma gefensu yana tauna ya baje, suna cin ƙoƙo, suna kuma aika zafi ga ƙananan boris biyun da ƙoƙon ke juyawa a kansu. Babbar giya ta roba tana zubar da haƙora, aka koma ta ƙarfe. Ta ƙarfe ba ta zubarwa, sai dukan ya wuce ciki ya karya giyoyin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyi, waɗanda suka fi ta tsada da wuyar kwancewa. Aka buɗe wa ƙoƙo ramuka don iska ta shiga, Revo ta zo da kulocin babbar giya mai faffaɗan takalma. Duk gyara ne na gaske, amma babu wanda ya soke dokar: a jerin ƙarafan da ke tsakanin inji da taya, dole akwai wanda zai sha wahala a madadin sauran. Masu ƙira sun zaɓi ya zama mai araha. Idan ka ƙarfafa shi, ka zaɓi wani ne ya maye gurbinsa.

Daga wajen 2007 injinan lantarki marasa buroshi da batir ɗin LiPo suka fara kwashe kasuwa. E-Revo ta fito a 2008. Babu allura, babu fulogi, babu ƙoƙon kuloci. Jama'a da yawa suka koma can, ba kuma za mu ga laifinsu ba. Mu da muka tsaya saboda ƙara da hayaƙi da ƙamshin man zurma, mun tsaya ne a lokacin da kayan gyara ke ƙara wuyar samu. A wajenmu nan, inda galan ɗin mai da kowane sifirin sai an yi odarsa, inji ɗaya da ya ƙone yakan zama ƙarshen wasan mutum. Mun san waɗanda motocinsu ke saman sif yau shekara biyu.

ABIN DA TARIHIN YA KOYA MANA A FILI

Tunda kayan daga wajen taya aka yi ta ƙaro shi, to bincike ma daga taya ya kamata ya fara, ya gangaro zuwa inji. Allura ita ce ta ƙarshe.

Da farko, inji a kashe, ka tura motar da hannu a ƙasa mai santsi. Ya kamata ta gangara ba tare da turjiya ba. Idan tana cijewa, duba ko birki na kamawa alhali totur na tsakiya, ko boris ɗin taya ya ci ƙasa, ko ciyawa da leda sun naɗe a aksul.

Na biyu, tambayi kanka me ka sauya. Idan ka ƙara girman taya, tamkar ka tashi mota a giya ta sama ne. Sai ka rama da ƙoƙo mai ƙarancin haƙora, ko babbar giya mai yawan haƙora. Wannan kaɗai da ya ceci injin ranar Asabar. Haka idan giya ta biyu tana shiga da wuri, inji zai yi ta nishi yana zafi.

Na uku, haɗuwar haƙoran ƙoƙo da na babbar giya. Tsohuwar dabarar takarda har yau tana aiki: sa siririn yankin takardar littafi a tsakaninsu, matso inji, ɗaure, zare takardar. Ya zama akwai ɗan motsi kaɗan. Matsewa da yawa tana kashe boris, sakewa da yawa tana cinye haƙora.

Na huɗu, notin kulocin babbar giya. Bayan gudu, idan wurin ya yi zafin da ba ya taɓuwa ko kana jin warin roba, yana zamewa fiye da kima. Bi abin da littafin motarka ya ce. A yawancinsu ana ɗaurewa ne har ƙarshe sannan a sassauto kaɗan.

Na biyar, cire ƙoƙon ka karanta shi, don ba ya ƙarya. Shuɗi ko ruwan hoda mai duhu alamar doguwar gogayya ce. Takalmi mai ƙyalli a goge shi da sanfefa, cikin ƙoƙon ma haka. Na alminiyam a share bajajjen gefensa da zarto. Idan ka ga maiƙo, ko dai giris ɗin boris ne ya fantsamo, ko boris ɗin gaban inji yana yoyo. Idan mota na tafiya da kanta a silo, ko inji na mutuwa da zarar ka taka birki, to sifirin ya karye, ko boris ɗin ƙoƙo ya kafe, ko silon ya yi sama. Sifirin mai kauri, kamar milimita 1.1, yana jinkirta kamu, ya ba da fizga, amma ya fi tara zafi. Mai laushi, kamar 0.9, yana kamawa da wuri. Ga mota mai nauyi a rairayi, kada kwaɗayin fizga ya ja ka. Idan ka mayar da ƙoƙon, bar masa ɗan wasa gaba da baya kamar kaurin takarda, domin ƙarfe na kumbura idan ya ji wuta. Boris biyun nan kuwa kayan ci ne, a riƙa canza su tun kafin su watse.

Na shida, iska. Ta waje da ta ciki. Ta waje: a huda gilashin gaban gangar jiki don iska ta kai ga kan inji, a wanke lakar da ta toshe fuka-fukansa. Ta ciki: duk wata kafa da iska ke satar shiga, a tiyon mai, ko murfin tanki, ko gindin kafireta, ko murfin bayan inji, ko tiyon da ya taso daga salansa zuwa tanki, tana rage mai ba da saninka ba. Soson tace iska kuma a wanke shi a shafa masa mansa, musamman da hunturu. Fistin ɗin waɗannan injina ba shi da zobe, matsewar saman silinda ce ke riƙe ƙarfinsa, ƙura kuwa cinye ta take yi kamar sanfefa.

Sai yanzu ne za ka taɓa allura. Murɗawa dama tana rage mai, hagu tana ƙarawa. Kada ka wuce kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a lokaci guda, kuma ka yi gudu biyu ko uku kafin ka sake taɓawa. Idan ka ba da wuta, ya zama kana ganin siririn hayaƙi na bin motar. Hayaƙi ya ɗauke, tsaya. Yawancin injina suna jin daɗi tsakanin digiri 95 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyas, Traxxas kuma ya ja layi a 270 na Farenhait, wato kusan 132. In ba ka da na'urar auna zafi, ɗiga ruwa a kan inji: idan ya ɗauki 'yan daƙiƙu yana tafasa, da sauƙi, idan ya ɓace nan take, kashe. Ka kuma tuna saitin safiyar hunturu ba shi ne na azahar ɗin Afrilu ba. Iska mai sanyi ta fi kauri, tana neman ƙarin mai. A zafin bazara kuwa, mu ba motar hutu tsakanin tanki da tanki, ko mu jira yamma.

Abu ɗaya da ba na wasa ba: metanol guba ne, kuma harshen wutarsa da kyar ake ganinsa da rana. A nisanta shi da yara, a rufe galan da kyau don yana zuƙar danshi, musamman da damina.

Ɗan'uwanmu ya ce zai sake yin odar inji in Allah Ya hore. Kafin ya iso, ga shawararmu: Asabar mai zuwa kowa ya zo da motarsa da sukudireba rabin awa kafin lokaci, mu cire ƙoƙon kuloci tare, musamman waɗanda ba su taɓa buɗe nasu ba. Wanda ba zai samu zuwa ba ya ɗauki hoton cikin nasa ya ajiye mana a ƙasan wannan rubutu, ya faɗi girman tayarsa da yawan haƙoran ƙoƙonsa, manyanmu a harkar za su duba. Wanda kuma ke da ragowar boris ko sifirin da ba ya amfani da su, ya taimaka wa na baya.

Allah Ya mayar wa ɗan'uwanmu da alheri, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.